Makin intanet ba ya jin rediyo: yadda ake auna amon binciken lafiya a karkarar Kano da Jigawa

A watan Mayun 2023 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon wani gwaji mai suna E-MOTIVE, a kan zubar jini bayan haihuwa. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya shafi mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a aljihunta a karanta adadinsa, maimakon a kintata da ido. Da ya kai mililita 500, ko ya kai 300 alhali jikin matar ya fara nuna alamun galabaita, sai a haɗa mata taimakon gaba ɗaya a lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin, allurar tranexamic acid, ƙarin ruwa, da duba inda jinin yake fitowa. Matan da suka yi zubar jini mai tsanani, ko aka kai ga yi musu tiyata, ko suka rasu saboda jinin, sun sauko daga kashi 4.3 cikin ɗari zuwa kashi 1.6. Kafin shekarar ta ƙare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan wannan tsari.

Labarin ya zaga duniya, wannan babu ja. Tambayar da ta dame mu ita ce: ma'aikaciyar da ke karɓar haihuwa ita kaɗai da daddare a ƙaramin asibitin wani ƙauye a Gwaram ko Sumaila, ta ji? Idan ta ji, me ta ji? Kuma da wane awo za a gane hakan?

Abin da jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike suka fi dubawa yanzu shi ne wani ɗan zobe mai launuka da ke gefen maƙala a shafin mujalla, da lamba a tsakiyarsa. Na kamfanin Altmetric ne, wanda Euan Adie ya kafa a Landan a 2011. A da, hanyar gane ko bincike ya yi tasiri ita ce a ƙirga masana nawa suka kafa hujja da shi a nasu rubutun, abin da kan ɗauki shekaru kafin ya taru. A 2010 Jason Priem da wasu abokan aikinsa uku suka yi kira da a fara ƙirga sawun da bincike ke bari a intanet tun daga makon da ya fito. Akwai kuma PlumX, wanda ke hannun kamfanin Elsevier tun 2017, amma zoben Altmetric ya fi shahara, shi ya sa za mu tsaya a kansa. Ja a jikin zoben na nufin kafafen labarai, rawaya shafukan marubuta masu zaman kansu, shunayya kuma takardun manufofin hukumomi.

Kowane irin ambato da nauyinsa. Labari a kafar yaɗa labarai maki 8 ne. Rubutu a shafin marubuci mai zaman kansa 5. Takardar manufa ta hukuma 3, Wikipedia ma 3. Saƙo a X (wato Twitter a da) kwata ne na maki ɗaya, haka Facebook da YouTube. A ce wata maƙala a kan tamowa ta samu labari a jaridu uku, da shafin marubuci ɗaya, da mutum arba'in da suka ambace ta a X: 24 da 5 da 10, makinta ya doshi 39 ke nan. Mun ce ya doshi ne saboda kamfanin yana ƙara wa babbar jarida nauyi a kan ƙarama, yana rage na wanda ya sake tura saƙon wani kawai, kuma mutum ɗaya ko sau goma ya ambaci maƙala sau ɗaya ake ƙirga masa. A lura da wani abu tun daga nan: jarida guda ta fi takardun manufa biyu nauyi. Ga mai aikin lafiyar al'umma, wannan jeri a kife yake, domin takardar da ta sauya yadda ake aiki a ɗakin haihuwa ta fi labarin jarida ashirin amfani.

Yadda na'urar Altmetric ke gane an yi maganar wata maƙala shi ne inda gizo ke saƙar. Kowace maƙala a mujallar da ta yi rajista tana da lambar shaida ta dindindin da ake kira DOI, wadda kullum ke farawa da 10 da ɗigo. Na'urar tana bin jerin shafukan da kamfanin ya zaɓa, tana neman inda aka liƙa adireshin maƙalar ko wannan lamba. Idan babu adireshi, a labaran jaridu takan gwada haɗa sunan marubuci da sunan mujalla da ranar fitowa, kuma a kan rubutun Turanci aka gina wannan dabara. A Facebook zaɓaɓɓun shafukan da ke buɗe ga kowa kawai ake bi, ban da shafin mutum na kansa, ban da zaurukan tattaunawa. WhatsApp a rufe yake ruf, babu mai ganin abin da ke cikinsa daga waje. Abin da aka faɗa a iska ta rediyo kuwa ba ya barin adireshi ko ɗaya.

To, a ɗora wannan a kan yadda magana ke tafiya a wurinmu. Likita ya shiga Freedom Radio ko Rediyon Jigawa ya yi minti arba'in yana bayani da Hausa, mata suna saurare a tsakar gida suna aikinsu, direbobi suna ji a tasha. Sashen Hausa na BBC ya ɗauko batun a shirin Lafiya Zinariya. Wani ya naɗi minti biyu na hirar ya jefa a zauren WhatsApp na ma'aikatan lafiyar ƙaramar hukuma. Limami ya taɓo zancen bayan sallar Juma'a, mai unguwa ya sa sankira ya zaga. Duk wannan, makinsa a zoben sifili ne. Hatta idan Aminiya ko wani shafin Hausa ya rubuta labarin, yawanci cewa ake yi "wani bincike ya nuna", babu sunan mujalla, babu adireshi, don haka babu abin da na'ura za ta kama. Kamar masunci ne da ya jefa taru mai faɗin ido a kogin Haɗeja, ya fito da manyan kifaye 'yan kaɗan, ya ce iyakar abin da ke cikin ruwan ke nan.

Ga kuma matsalar mujallunmu na gida. Wasu da tsangayoyin jami'o'i da ƙungiyoyin likitoci ke bugawa ba su da lambar DOI, wasu ma sai dai a samu kwafinsu a ofishin shugaban sashe. Binciken da aka yi a kan rijiyoyin ƙauyukan Ringim ko yawan haihuwa a gida a Bichi, in ya fito a irin waɗannan mujallu, ba shi da ƙofar shiga lissafin tun farko. Shi kansa awon ma ba ya tsayawa wuri guda. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, wata bakwai da 'yan kwanaki, saboda haka duk maƙalar da ta fito a wannan tsakani ta rasa muryoyin 'yan ƙasa da yawa. A Agustan 2024 kamfanin Meta ya rufe CrowdTangle, manhajar da masu nazari suka dogara da ita wajen bin yaɗuwar rubutu a Facebook. Wanda ya kwatanta makin maƙalar 2019 da ta 2025 ya ce sha'awar mutane ta ragu ko ta ƙaru, bai yi la'akari da cewa mudun ne aka canza ba.

Maki mai yawa ma ba abin a saki jiki da shi ba ne. Makin ba ya bambance yabo da suka. Kamfanin Altmetric da kansa yana faɗa cewa hankalin da aka mayar yake aunawa, ba ingancin aiki ba. A Maris ɗin 2020 wasu likitoci a Faransa suka wallafa ɗan ƙaramin bincike a kan mutum 36, suna cewa hydroxychloroquine, wani magani dangin kulorokwin, na taimaka wa masu korona. Maƙalar ta tara maki mai ɗimbin yawa, daga masu murna da masu tsine mata baki ɗaya. A cikin wannan watan ne hukumomin lafiya na Legas suka ba da rahoton mutanen da aka kwantar saboda shan kulorokwin fiye da ƙima. Sai a Disambar 2024 mujallar ta janye maƙalar, makinta kuwa yana nan. Wani abin da ke kumbura lamba shi ne kwafe: kamfanin dillancin labarai ya rubuta labari ɗaya, shafuka talatin su ɗauka kalma da kalma, ya zama kamar 'yan jarida talatin ne suka yi nazari. Kuma duniya ta fi son jin zancen shan gahawa da rage ƙiba a kan zancen yoyon fitsari, duk da cewa asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, bai taɓa rabuwa da matan da doguwar naƙuda ta yi wa illa ba.

Tarihinmu ya riga ya nuna mana inda ƙarfin magana yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da ke gwajin 11 suka rasu. Jaridar Washington Post ta fallasa lamarin a ƙarshen 2000. Lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003, har zuwa tsakiyar 2004, wannan labari yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi a majalisa da zaure da masallaci, cutar shan inna kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Ko da a ce akwai zoben maki a wancan lokaci, da bai ga komai ba, alhali babu wata maganar lafiya da ta taɓa yin nauyi irin wannan a ƙasar Kano.

Saboda haka wanda ya yi bincike a karkara yana son sanin amonsa, dole ya haɗa awonsa da hannu. Aikin kuma kafin maƙala ta fito yake farawa. A zauna a tsayar da jimla ɗaya ko biyu da ake son su isa, da Hausa, da alƙaluman da mutum zai iya riƙewa. A gwajin zubar jinin nan, "ya rage haɗari da kashi 60" magana ce da ke saurin karkacewa. Kafin ta wuce baki uku ta koma "yana warkar da mata sittin cikin ɗari". Gara a ce: cikin mata dubu da suka haihu a asibiti, 43 kan shiga mummunan hali saboda jini, da wannan tsari suka koma 16. Kalmar "a asibiti" kada ta faɗi, domin a asibiti aka gwada, ba a ɗakin uwar miji ba. Wannan tsantseni yana da dalili. Wani nazari da mujallar BMJ ta wallafa a 2014 ya duba sanarwar manema labarai 462 daga jami'o'in Birtaniya 20, ya tarar kashi 33 cikin ɗari sun mayar da alaƙa tsakanin abu biyu ta zama "wannan ne ke haddasa wancan". Inda sanarwa ta yi wannan ƙarin gishiri, kashi 81 na labaran jaridu sun maimaita shi. Inda ba ta yi ba, kashi 18 kawai. Wato yawanci daga gidan masu binciken ɓarakar ke farawa, mu kuma a nan akwai ƙarin hawa guda, na mai gabatar da shiri da ke juya Turanci zuwa Hausa kai tsaye a gaban makirfo.

Bayan jimla, a tsayar da su waye ya kamata su ji. Inchajin asibiti da ungozoma da maigida da shugaban hukumar kula da lafiya a matakin farko ba ta ƙofa ɗaya ake iske su ba, kuma ba da awo ɗaya ake gane sun ji ba. Sannan a fara rubuta abin da ake faɗa a kan batun tun mako huɗu kafin fitowar maƙalar. Wanda bai san yadda ake maganar zazzaɓin cizon sauro a rediyo kafin bincikensa ba, duk abin da ya ji bayansa zai ɗauka shi ya jawo.

Ɓangaren intanet shi ne mai sauƙi. A danna zoben a shiga ciki a karanta ambaton ɗaya bayan ɗaya, a ware na marubutan da kansu da na mujallar da na jami'arsu, a ware labaran da aka kwafa, a duba ƙasashen da masu maganar suke. Sau da yawa abin da ya rage daga Najeriya ba ya cika tafin hannu, daga Arewa kuwa sai a nema. A saka Google Alerts, mai aiko da saƙo idan wata kalma ta bayyana a intanet, da sunan binciken da sunan jagoransa, da Turanci da Hausa, kuma kowace kalmar Hausa a rubuta ta iri biyu, mai lanƙwasa da marar lanƙwasa: mashaƙo da mashako, zazzaɓi da zazzabi, domin mafi yawan masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa. Google Trends, mai nuna yadda ake neman kalma a Google, ba ya ba da adadin mutane, ma'auni ne daga 0 zuwa 100 gwargwadon ranar da aka fi nema, kuma idan masu neman kalma ba su da yawa, kamar yadda kan faru da kalmomin lafiya na Hausa a Jigawa, sifili zai yi ta nunawa ko ya riƙa tsalle babu dalili. Duk wanda za a ba labari, ɗan jarida ko mai shafi, a ba shi adireshin DOI a roƙe shi ya liƙa. Wannan kaɗai kan sa aikin da aka yi da Hausa ya fara bayyana a lissafi.

Rediyo shi ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. Littafi ake buɗewa, na takarda ko a kwamfuta, kowane ambato da layinsa: rana, tasha, shiri, ƙarfe nawa, minti nawa aka yi a kan batun, wa ya yi magana, ya ambaci binciken da suna ko a'a, wane adadi ya faɗa, kuma daidai ya faɗa ko ya karkace. Ana ɗaukar matasa biyu ko uku a raba musu tashoshi, kowa da wayar da ke naɗar murya, domin hukuncin "daidai ko karkace" ba a yin sa da ka. Sai mutum biyu sun saurari naɗin daban-daban, inda suka saɓa a koma a sake ji. Gurbi mafi muhimmanci a littafin shi ne na ko an biya kuɗin filin. Shirye-shiryen lafiya da yawa a tashoshinmu ɗaukar nauyinsu ake yi. Minti talatin da aikin binciken ya saya, da minti uku da editan shirin In Da Ranka na Freedom Radio ya ga dama ya saka don ya ga labari ne, ba abu ɗaya ba ne. Na farko yana nuna kuɗin da aka kashe, na biyu yana nuna batun ya ja hankali. Haɗa su wuri guda yaudarar kai ne da yaudarar mai karanta rahoto.

Masu kiran waya a shiri suna da amfani, amma ba don yawansu ba. Duk mai sauraron rediyo a Kano ya san akwai mutanen da ba sa fashin kira a kowane shiri, kuma galibinsu maza ne masu kati a waya. Matar da batun zubar jini ya fi shafa tana ji, ba ta kira. Abin da za a tsinta a kiraye-kirayen shi ne irin tambayoyin: idan mutum uku a jere suka tambayi inda ake sayen ledar don a kai wa ungozoma a gida, an gane saƙon ya baro hanya, gobe sai a koma tashar a gyara, a kuma rubuta gyaran a littafi. Adadin "masu kallo" da ke fitowa idan tasha ta haska shiri kai tsaye a Facebook shi ma a riƙe shi da hannu biyu, domin ya haɗa da wanda ya leƙa na daƙiƙoƙi ya wuce, da ɗan Kano da ke zaune a Jidda.

WhatsApp ba ya ƙirguwa, sai dai a yi masa dabara. Ana neman mutum goma zuwa goma sha biyar da ke cikin zauruka daban-daban, na ma'aikatan lafiya, na kwamitin ci gaban mazaɓa, na malaman Islamiyya, na matasan gari, a roƙe su duk lokacin da saƙo a kan batun ya shigo su turo shi da ranar da ya zo. Idan saƙo ya ɗauko tambarin nan mai kibiya biyu da ke nuna an yi ta tura shi, ya ratsa aƙalla hannu biyar ke nan. A goge sunaye da lambobin waya kafin a adana komai. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma ko babu doka, amanar zaure ce. Ana iya yin gajeren adireshi daban ga kowace hanya, ta Bitly ko makamancinsa, don a ga ta ina aka fi shigowa, sai dai wannan lamba kullum ƙasa da gaskiya take: mai data ta naira ɗari zai saurari saƙon murya na minti ɗaya da rabi, ba zai buɗe shafin mujalla ba. Bidiyo kuma yakan bi ta Xender daga waya zuwa waya, ko ta rumfar masu caji da ke tura wa mutane abubuwa a memori ranar kasuwa, a Wudil ranar Juma'a, a Maigatari ranar Alhamis. Tambayar mai rumfar abin da ake yawan nema ta fi wani dogon jadawali faɗar gaskiya.

Daga nan sai a je ga mutanen. Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren a bakin mai tambaya yake. Idan aka ce wa mace, "Hajiya, kin ji sanarwar da aka yi a rediyo a kan zubar jini, ko?" kara da kunya za su sa ta ce ta ji. Tambayar da ke aiki ita ce buɗaɗɗiya: "Baba, a 'yan kwanakin nan akwai abin da kika ji a kan haihuwa? A ina kika ji? Me aka ce a yi?" A rubuta amsarta yadda ta faɗa. Sai daga baya a karanto saƙon a tambaya ko ta san shi, a kuma cusa wani saƙo guda da ba a taɓa watsawa ba. Yawan waɗanda suka ce sun ji wannan na bogin shi ne awon "e" ɗin kara, sai a rage shi daga lissafi. Mace ce za ta tambayi mata, da sallamar mai unguwa da iznin maigida. Kada a tsaya a ranar awo a asibiti kawai, domin wadda ta zo awo ta riga ta yarda da asibiti. Wadda ake nema tana gida, wataƙila a rugar da ke bayan gari, inda ma Fulatanci ya fi Hausa shiga. Gida talatin a mazaɓa ba zai ba da alƙaluman da za a yi shela da su ba, amma ya isa ya nuna ko saƙon ya iso da ƙafafunsa ko a gurguje.

Mataki na gaba, ko jin ya sauya wani abu, shi ya fi wuya. Rajistar asibiti da rahoton wata-wata da ake shigarwa a DHIS2, manhajar da gwamnati ke tara alƙaluman asibitoci a ciki, su ne madogara. An taɓa gwada wannan da kyau a Burkina Faso tsakanin 2012 da 2015: yankuna 14 masu tashoshin rediyo, bakwai aka yi ta watsa saƙonnin lafiyar yara, bakwai aka bar su. A shekarar farko kai yara 'yan ƙasa da shekara biyar asibiti ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari a inda aka watsa, duk da cewa binciken gida-gida bai iya nuna raguwar mace-mace ba. Abin da ya sa gwajin ya yiwu shi ne tashoshin can ba sa shiga yankin juna. A Kano da Jigawa kuwa tasha ɗaya tana ratsa ƙananan hukumomi da yawa, ba a samun garin da za a ce bai ji ba. Abin da ya rage shi ne kwatanta wata da takwaransa na bara da na bara waccan, ba da watan da ya gabace shi ba. Zazzaɓi yana hauhawa daga Agusta zuwa Oktoba ko an yi shiri ko ba a yi ba. Rabon ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 yana taɓa alƙaluman. Bayan kaka kuɗi na shiga hannu, zuwa asibiti ya ƙaru. Idan magani ya yanke a sito ko ma'aikaciya ɗaya tilo ta tafi hutun haihuwa, lamba ta faɗi. Duk wanda bai rubuta waɗannan a gefen jadawalinsa ba zai jingina wa rediyo abin da damina ta yi.

Ga bincike irin na zubar jini, awon da ya fi kowanne faɗar gaskiya a sito da ɗakin haihuwa yake. Akwai ledar? Guda nawa, kuma haihuwa nawa ake karɓa a wata? Akwai tranexamic acid da bai lalace ba? Oksitosin yana cikin firji, tsakanin digiri 2 da 8, ko yana kan tebur a zafin Afrilu? Ma'aikaciyar za ta iya faɗar adadin jinin da ake fara taimako a kansa ba tare da ta duba takarda ba? Takardar umarnin da ma'aikatar lafiya ta jiha ta aika wa asibitoci ba ta hawa intanet, saboda haka ba za ta taɓa zama shunayya a zobe ba. Sai an je ofis an nemi kwafi an rubuta lambarta da ranarta.

Akwai kuma binciken da ba ya samun amo don bai zo da albishir ba. A ƙaramar hukumar Kiyawa an yi gwajin INSPIRING, wanda ya haɗa tarukan maza da mata a unguwanni da ƙarfafa asibitoci don rage mutuwar ƙananan yara, sakamakon da aka wallafa kuma bai nuna mace-macen sun ragu ba. Irin wannan sakamako ba ya jan 'yan jarida, amma mai tsara kasafin lafiya ya fi kowa bukatar jin sa, haka mutanen da suka ba da lokacinsu aka yi ta shiga gidajensu ana tambaya. A ganinmu, komar da sakamako ga garin da aka yi bincike a cikinsa ya kamata ya zama layi na farko a duk rahoton amo: mazaɓu nawa aka koma, wa ya halarta, mata nawa, me suka tambaya.

Wajen rubuta rahoton, a sa makin Altmetric da ranar da aka duba shi, domin yana motsi, wani lokaci ma yana raguwa idan aka goge saƙonni. A ƙarƙashinsa a jera na rediyo, wanda aka biya daban, wanda ba a biya ba daban, da kashin da aka faɗi daidai. Sai na zaurukan WhatsApp, sai na gida-gida, sai na sito. Kada a narka su a fitar da lamba ɗaya, don ba jinsi ɗaya ba ne. Kuma kada a rufe littafin da wuri. Hayaniyar intanet takan lafa cikin mako biyu, ta rediyo takan ɗan fi haka, amma sayen kaya yana bin kasafin kuɗi ne, gwamnoni kuma sai a watannin ƙarshen shekara suke kai kasafi gaban majalisa. Binciken da ya fito a Mayu, in har zai shiga sito, sai a shekara mai zuwa za a gan shi, don haka a sake zagayen asibitocin bayan wata shida, a kuma sake bayan wata goma sha takwas.